Ko An Tambaye Shi?

A hutun ƙarshen zangon karatu na bara na koma gida. Ran nan da la'asar sakaliya ina zaune a tsakar gida kusa da kakata, tana tsintar wake a faifai, ni kuwa na kasa kunne ga labarin wasanni a rediyo. Can sai mai karanta labari ya ce wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta sayar da ɗan wasanta ga wata ƙungiya ta Sifen a kan kuɗi kaza. Ni dai maganar ko a jikina, domin tun ina firamare nake jin irinta. Amma tsohuwa sai ta ajiye faifai, ta dube ni, ta ce, "Kai maigidana, me na ji mutumin nan ya ce? Mutum aka sayar?" Na yi dariya na ce, "Haba Iya, ai ba irin sayarwar da kike nufi ba ce. Abin da yaron nan zai samu a mako guda ya fi abin da duk unguwar nan za ta samu a shekara." Ta yi shiru jim kaɗan, ta jawo faifanta, sa'an nan ta ce, "Ni ba kuɗin na tambaye ka ba. Shi wanda aka sayar ɗin, an tambaye shi?"

Na ce mata an tambaye shi, domin a ƙwallon Turai na yau ba a kai ɗan wasa wata ƙungiya sai ya sa hannu da kansa. Amma na faɗa ne kawai don in kashe maganar. Ban san tun yaushe aka fara tambayar ba, ban kuma san ko a ko'ina ake yin ta ba. Ita kuwa tana da dalilinta na razana. Ta taso a hannun tsofaffin da suka ga kasuwar bayi da idonsu, kuma dokar da ta haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba ta zo ba sai 1936. A kunnenta, in aka haɗa "sayarwa" da "mutum" a jimla ɗaya, to, ba wasa ake yi ba.

Da muka komo makaranta sai ga maganar ta biyo ni har cikin aji. A darasin fassara Malam ya raba mana wani guntun rubutu a kan tarihin wasannin Amurka, ya ce mu mai da shi Hausa. A ciki akwai kalmar da Amurkawa suke amfani da ita in ɗan wasa ya tashi daga wata ƙungiya zuwa wata, asalinta kuwa kalmar fatauci ce. Wasu daga cikinmu suka rubuta "musaya", wasu "sayarwa", mafi yawa kuma suka ɗauko abin da suka saba ji a rediyo, wato "sauya sheƙa". Nan gardama ta kaure. Abin da na lura da shi a ranar shi ne, bambancin bai tsaya ga daɗin lafazi ba. In ka ce ɗan wasa ya sauya sheƙa, ka mai da shi tsuntsu, shi ne mai aikatawa, shi ya ga dama ya tashi. In kuwa ka ce an sayar da shi, ya koma karɓau, aiki ne ya faɗa a kansa. Ashe tambayar Iya tambayar nahawu ce. Don in san wace kalma ta dace, dole in san wace ce gaskiya, wannan ne ya sa na shafe makonni ina bin tarihin wasan da ban taɓa gani da idona ba sai a majigi.

Ya kyautu in ɗan bayyana wasan, tun da yake ba a yin sa a wurinmu. Sunansa besbol. 'Yan wasa tara-tara ne a kowane ɓangare. Ɗaya yana tsaye a tsakiyar fili yana jefo wata 'yar ƙwallo mai tauri da ba ta wuce girman lemo ba, abokin hamayyarsa kuma yana riƙe da kulki yana neman ya make ta. In ya same ta sai ya yar da kulki ya sheƙa, ya bi zanguna uku da aka jera, ya komo inda ya tashi. Komowar nan ita ce ci ɗaya. Wanda kuwa ya maka ƙwallon har ta tsallake katangar fili, ba mai tare shi, sai ya zaga a tsanake jama'a na ta sowa. Wannan bugu na tsallake katanga shi ne abin taƙamar mazajen wasan.

Babu wanda ya yi suna da irin wannan bugu kamar Babe Ruth, yaron da ya taso a gidan horon yara a birnin Baltimo. A 1919, yana wa ƙungiyar Red Sox ta Boston wasa, ya yi shi sau 29, abin da ba a taɓa gani ba. Da ya ga haka sai ya nemi a ninka masa albashi. Mai ƙungiyar, Harry Frazee, bashi ya yi masa katutu, saboda haka a watan Disamba na wannan shekara ya sayar da Ruth ga ƙungiyar Yankees ta Niyok a kan dala 100,000, aka kuma ba shi rancen dala 300,000 bisa jinginar filin wasansa, Fenway Park. Sai da attajiran suka gama cinikinsu sa'an nan aka tura manajan Yankees ya bi Ruth har Kalifoniya ya shaida masa. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya yi cinikin albashi da sababbin iyayen gidansa. Abin da ya biyo baya sananne ne ga kowane Ba'amurke. A 1920 ya tsallake katanga sau 54, a 1927 sau 60, kafin ya daina wasa ya tara 714. 'Yan kallo suka yi ta tururuwa har Yankees, waɗanda a da haya suke yi a filin ƙungiyar Giants, suka gina nasu katafaren fili a 1923, mutane suka yi masa laƙabi da gidan da Ruth ya gina. Boston kuwa, da ta ci kofin ƙasa a 1918, ba ta sake ɗaga shi ba sai 2004, shekara 86 ke nan.

Amurkawa suna ba da wannan labari ne a matsayin labarin wautar mai sayarwa da sa'ar mai saye. Ni kuwa da na karanta shi da kunnen Iya, sai na ga wani abu dabam. Gidan da aka ce Ruth ya gina, ko bulo ɗaya ba shi da shi a ciki. Gaskiya ne an biya shi da kyau, har a 1930 albashinsa ya kai dala 80,000, ya ɗara na shugaban ƙasa na lokacin. Amma da wata ƙungiya za ta so ta ba shi ninkin haka, ba shi da ikon ya je.

Abin da ya ɗaure shi wani sharaɗi ne da ke cikin takardar yarjejeniyar kowane ɗan wasa, wanda zan kira sharaɗin turke. Asalinsa a 1879 ne, lokacin da masu ƙungiyoyi suka haɗa baki cewa kowannensu zai keɓe 'yan wasa biyar waɗanda sauran ba za su taɓa ba. Sannu a hankali aka faɗaɗa shi ya game kowa. Ga yadda yake aiki: in wa'adin yarjejeniyarka ya ƙare, ba ku daidaita da mai ƙungiya ba, yana da ikon ya sabunta ta na shekara guda ko ba ka yarda ba. Masu ƙungiya suka ce sabuwar yarjejeniyar ma tana ɗauke da wannan sharaɗi, don haka baɗi ma za su sake sabuntawa, haka nan har illa ma sha Allahu. Mai turke yana iya kwance ka ya miƙa wa wani, yana iya korar ka, amma kai ba ka iya tsinke igiya sai dai ka bar sana'ar baki ɗaya. A sauran sana'o'in Amurka irin wannan haɗin baki laifi ne a ƙarƙashin dokokin hana babakere a kasuwanci. To, amma a 1922 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke cewa wasan besbol ba fatauci ba ne tsakanin jihohi, saboda haka dokokin ba su hau kansa ba. A 1953 ta sake tabbatar da hukuncin.

Sai labarin Jackie Robinson, wanda ko a nan wurinmu wasu sun taɓa jin sunansa. Shi ne baƙar fata na farko da ya shiga babbar gasar besbol a wannan zamani, ran 15 ga Afrilu 1947, a filin Ebbets da ke unguwar Buruklin ta Niyok, yana sanye da rigar ƙungiyar Dodgers. Kafin wannan rana baƙaƙen fata gasarsu dabam suke yi. Ya sha zagi, ya sha wasiƙun barazanar kisa, ya daure, ya yi wa ƙungiyar shekara goma, har suka ci kofin ƙasa a 1955. A watan Disamba na 1956 Dodgers suka ba da shi ga Giants, manyan abokan gabarsu, a madadin wani mai jifa da 'yan kuɗi. Robinson ya riga ya ƙudura barin wasa, ya kuma sami aiki a wani kamfanin gahawa, saboda haka cinikin ya rushe. Amma dubi abin: mutumin da ya ɓalle ƙofar wariyar launin fata, bayan shekara goma, hanya guda ce tak yake da ita ta ƙin zuwa inda aka tura shi, wato ya rataye rigarsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa shi ne, turken nan ɗan wasa kaɗai ya ɗaure. Shekara guda bayan tafiyar Robinson, mai Dodgers, Walter O'Malley, ya kwashi ƙungiyar kacokan ya kai ta Los Anjalis, tafiyar kilomita dubbai, saboda bai sami filin da yake so ya gina sabon dandali a Buruklin ba. Giants su ma suka koma San Faransisko. A 1960 aka rushe filin Ebbets, wanda aka buɗe tun 1913, har ma aka yi wa ƙarfen rusau fenti ya yi kama da ƙwallon besbol, aka gina gidajen haya a wurin. Mutanen unguwar da suka rayu da ƙungiyar kaka da kakanni, su ma ba wanda ya tambaye su. A can Los Anjalis kuma, kwarin da aka gina sabon filin, wanda aka buɗe a 1962, a da unguwar iyalai 'yan asalin Meziko ce, aka tashe su. Irin haka ta sake faruwa a wasan zari-ruga na Amurka a watan Maris 1984, sa'ad da mai ƙungiyar Colts ya sa aka loda kayanta a manyan motoci cikin dare, gari na wayewa mutanen Baltimo suka tarar ƙungiyarsu ta koma Indiyanafolis. Mai ƙungiya kam tsuntsu ne, shi ne mai sauya sheƙa na ainihi.

Yanzu na iso ga mutumin da saboda shi na ɗauki alƙalami. Sunansa Curt Flood. Bai kai Ruth suna ba, bai kai Robinson ba, amma gwani ne wajen cafe ƙwallo a bayan fili, har ya karɓi lambar gwanin tsaro shekara bakwai a jere, daga 1963 zuwa 1969. An haife shi a 1938, ya girma a Okland ta Kalifoniya. Da ya fara wasa a ƙananan gasa sai aka tura shi jihohin kudu, inda wariya take da ƙarfi. Shi da bakinsa ya ba da labarin yadda ba ya cin abinci tare da abokan wasansa, da yadda wani ma'aikaci ya sa sanda ya tsame rigarsa daga tulin kayan wanki don kada ta gauraya da ta Turawa. Daga baya ya yi shekara 12 a ƙungiyar Cardinals ta Sen Luwis, suka ci kofin ƙasa sau biyu, a 1964 da 1967. A garin ya kafa gida, a nan harkokinsa suke.

A watan Oktoba 1969 aka buga masa waya, kuma ba mai ƙungiyar ne ya kira shi ba, aka ce an ba da shi ga ƙungiyar Phillies ta Filadelfiya, cikin wata musaya da ta haɗa mutum bakwai. Ƙungiyar ba ta taɓuka abin kirki a lokacin, filinta tsoho ne tun na 1909, 'yan kallonta kuma sun yi ƙaurin suna wajen cin mutuncin baƙaƙen 'yan wasa. Albashin Flood dala 90,000 ne a shekara, aka ce za a mai da shi 100,000 in ya je. Ya ce ba ya zuwa. Ran 24 ga Disamba ya rubuta wa kwamishinan wasan, Bowie Kuhn, wata gajeriyar wasiƙa. Gundarinta shi ne, bayan shekara goma sha biyu yana wasa, bai ɗauki kansa wata kadara da za a saya a sayar ba tare da la'akari da son ransa ba, kuma yana da haƙƙi ya saurari tayin kowace ƙungiya. Kwamishina ya amsa cewa ya yarda Flood mutum ne, amma bai ga yadda wannan ya shafi maganar ba. A watan Janairu 1970 Flood ya kai ƙara kotu.

Bai shiga da ido rufe ba. Shugaban ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, Marvin Miller, wanda ya taɓa aiki da ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa, ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa da wuya ya yi nasara, ko ya yi ma ba zai sami komai ba, kuma ya manta da sake samun gurbi a wasan. Flood ya tambaya ko waɗanda za su zo bayansa za su amfana. Da aka ce masa za su amfana, sai ya ce a ci gaba. Ƙungiyar ƙwadago ta ɗauki nauyin shari'ar, aka ɗauko masa Arthur Goldberg, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, ya zama lauyansa. Amma da aka zauna sauraron ƙara a Niyok, babu ko ɗan wasa ɗaya mai ci a lokacin da ya zo ya ba da shaida dominsa. Kowa tsoron turkensa yake ji. Waɗanda suka zo tsofaffin hannu ne, cikinsu har da Jackie Robinson, kansa ya yi fari fat, ciwon sukari ya ci ƙarfinsa.

Jaridu da yawa kuwa dariya suka yi masa. Wane irin bawa ne yake karɓar dala 90,000? Wato dai amsar da na ba Iya a tsakar gida, ita ce suka ba shi. Da aka yi masa wannan tambaya a talabijin, sai ya ce yawan abin da ake biyan bawa ba ya fitar da shi daga bauta. Na daɗe ina juya wannan magana. A ganina kalmar ta yi nauyi. Ba a yi wa Flood bulala ba, ba a raba shi da 'ya'yansa an kai su kasuwa ba, kuma yana da damar ya bar wasan ya nemi wata sana'a, damar da kakannin kakanninsa ba su samu ba a gonakin auduga. Duk da haka, Bahaushe shi ne na ƙarshe da ya kamata ya ce dukiya tana share wannan tambaya. A fadar Kano ta dā, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suna da dawaki da gandaye da barori, talaka yana faɗuwa ya gaishe su, amma kowa ya san sarautun bayin sarki ne. Mun san tun tuni cewa abin da mutum ya mallaka dabam, wanda ya mallaki tafiyarsa da zamansa dabam.

Ran 19 ga Yuni 1972 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai biyar suka ƙi Flood, uku suka goyi bayansa, cikin ukun har da Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a kotun. Alƙalin da ya rubuta hukuncin masu rinjaye, Harry Blackmun, ya fara ne da kirari ga wasan, ya jero sunayen mazajensa har 88, da Ruth a ciki, kamar maroƙi a ƙofar fada. Da ya gama sai ya amsa cewa lalle besbol fatauci ne, kuma keɓe shi da aka yi daga doka baƙon abu ne, amma tun da an daɗe a haka, gyaran sai majalisar dokoki. Ban taɓa karanta hukuncin da ya yarda mai ƙara yana da gaskiya, sa'an nan ya sallame shi hannu rabbana, irin wannan ba.

Kafin nan ma rayuwar Flood ta riga ta wargaje. Bai yi wasa ba a 1970. A 1971 ya gwada komowa a ƙungiyar Senators ta Washintan, ya yi wasa 13 kacal, ya ga ƙafa ta ƙi, bashi kuma ya taso, sai ya hau jirgi ya bar ƙasar. Ya zauna a tsibirin Mayoka na Sifen yana riƙe da wata mashaya, shi kansa giya ta kama shi, ya yi shekaru kafin ya farfaɗo. Ya rasu a watan Janairu 1997, yana da shekara 59, da ciwon daji na maƙogwaro.

To, amma ɓarakar da ya yi ba ta ɗinku ba. A 1973 masu ƙungiyoyi suka yarda cewa duk wanda ya yi shekara goma a babbar gasa, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, ba za a ba da shi ba sai da yardarsa. Da wannan ƙa'ida tana nan a 1969, da Flood bai bar Sen Luwis ba. Sa'an nan a 1975 wasu masu jifa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, suka shiga kakar wasa ba su sa hannu a sabuwar takarda ba, suka ce shekara gudan da sharaɗin turke ya ambata ta cika. Mai sasanci, Peter Seitz, ya duba rubutun ya ce shekara guda tana nufin shekara guda. Kusan ƙarni ɗaya ana ɗaure mutane da jimla ɗaya, ashe fassararta ce aka karkatar. Wannan kam ya kamata ya tsaya wa ɗaliban harshe a rai. Masu ƙungiyoyi suka sallami Seitz nan take, amma kotuna suka tabbatar da hukuncinsa, a 1976 kuma aka daidaita cewa ɗan wasa yana samun 'yancin zaɓen ƙungiya bayan shekara shida. Matsakaicin albashi, wanda yake wajen dala 25,000 a 1969, ya haura 140,000 a 1980. A watan Disamba 2023 ƙungiyar Dodgers ɗin nan ta ɗauki Shohei Ohtani, ɗan ƙasar Japan, a kan dala miliyan 700 na shekara goma, kuma shi ya zaɓe ta.

Wasan zari-ruga na Amurka ya makara wajen bin wannan hanya, sai a 1993 'yan wasansa suka sami cikakken 'yanci, bayan jerin shari'o'i. A cikinsa ne aka yi cinikin da ya fi kowanne girma, a watan Oktoba 1989, lokacin da ƙungiyar Cowboys ta Dalas ta ba da gwaninta Herschel Walker ga Vikings ta Minisota. In aka haɗa 'yan wasa da guraben zaɓe da suka canza hannu, sun kai 18. Guraben zaɓen nan suna bukatar bayani. Kowace shekara ƙungiyoyi suna zaɓen samarin da suka fito daga jami'o'i bi da bi, wanda aka zaɓa kuma ba shi da wata ƙungiya a gasar sai wadda ta kira sunansa. To, wannan layi na zaɓe shi ma haja ne, ana cinikinsa tun yaran suna aji. Bahaushe ya hana cinikin biri a sama, amma da shi Dalas ta yi arziki. A 1989 wasa ɗaya tak ta ci cikin 16, da guraben da ta tara kuwa ta ɗauko irin su Emmitt Smith, ta ci kofin ƙasa sau uku a kakannin wasa na 1992 da 1993 da 1995. Minisota ta saki Walker bayan kakar 1991, ba ta ga kofi ba. Abin da ya ja hankalina a labarin ƙarami ne: kafin Walker ya yarda ya tafi, sai da Dalas ta ba shi fiye da dala miliyan ɗaya na sallama. Shekara ashirin daidai bayan wayar da aka buga wa Flood, an kai inda ake lallashin wanda za a ba da.

Kada mai karatu ya ɗauka an gama. Har yanzu a Amurka ana iya ba da ɗan wasa yana barci, in dai bai cika shekarun da ƙa'ida ta gindaya ba, ko bai sa an rubuta masa sharaɗin hana hakan a takardarsa ba. A Turai ma sai a 1995 wani ɗan ƙwallon Beljiyam, Jean-Marc Bosman, ya ci shari'ar da ta ba wanda wa'adinsa ya ƙare damar tafiya ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ba, shi ma kuma bai tsira da komai ba sai wahala. Majalisar dokokin Amurka ta yi wata doka da sunan Flood a 1998, yana kabari. Zauren tunawa da mazajen besbol da ke garin Kufastawun ya karɓi Ruth tun 1936, ya karɓi Robinson a 1962, amma har ƙarshen 2024 sunan Flood bai shiga ba.

A takardar fassarar da na miƙa, "an sayar da shi" na rubuta a wurin Ruth, na rubuta "an ba da shi" a wurin Robinson da Flood, ban yi amfani da "sauya sheƙa" ba sai ga ƙungiyoyin da suka bar garuruwansu da 'yan wasan bayan 1976. Malam ya ja layi a ƙarƙashinsu da jan biro, ya rubuta a gefe cewa kalma ɗaya ce a asalin rubutun, in zo ofis in kare dalilina na raba ta uku. Na je, muka yi kusan sa'a guda, bai ce ya yarda ba, bai kuma rage mini maki ba.

Da na koma gida hutun Sallah na kwashe labarin duka na gaya wa Iya, na fara da janye amsar da na ba ta. Sunan ya ƙi zama a bakinta, sai ta riƙa ce masa "yaron nan mai taurin kai". Ta saurara har ƙarshe, sa'an nan ta ce, "To, su waɗanda suka ci moriyar, sun san da shi kuwa?" Na ce mata a watan Disamba 2019 wani mai jifa, Gerrit Cole, ya sa hannu da Yankees a kan dala miliyan 324, kuma a gaban 'yan jarida ya ambaci sunan Flood ya gode masa. Ta ce, "Mutum nawa ka ce?" Na ce wanda na ambata dai ɗaya ne. Ta gyaɗa kai, ta ce in ƙara murya, an fara sanarwar rasuwa da ɗaurin aure a rediyo.